Awo da haihuwa a cibiyoyin IVF: kulawa ta yi, saurin tiyata ne matsalar

Cibiyoyi da dama masu yin IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa, kan ci gaba da yi wa mace awo har ta sauka. Aikinsu a farkon ciki ba shi da makusa. Ba sa lissafin ranar haihuwa da ranar al'ada: idan ɗan tayi mai kwana 5 aka dasa, kwana 261 ake ƙirgawa daga ranar dashen, mai kwana 3 kuma 263. A mako na 6 zuwa 7 ana sikanin a ga bugun zuciya, a tabbatar cikin bai zauna a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa ba. Maganin riƙe ciki kan kai mako na 10 ko 12.

Sa-idon da ke biyo baya ma yana da dalili. Irin wannan ciki ya fi saurin zuwa da hawan jini mai kai wa ga jijjiga, musamman idan daskararren ɗan tayi aka dasa bayan an shirya mahaifa da magani zalla. Cibiyar kirki ba ta wasa da awon jini da ya kai 140/90, kuma takan ɗora mai haɗari a kan ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 150, daga mako na 12. Haka kuma mabiyiya ta fi yawan sauka ta tare bakin mahaifa. A sikanin na mako na 20 a duba mazauninta da inda igiyar cibiya ta shige ta, idan tana ƙasa a sake dubawa a mako na 32. Jijiyar jinin ɗa da ta gitta bakin mahaifa tana iya tsinkewa da zarar faya ta fashe, kuma jinin jariri kaɗan ne, ba ya jure zuba.

Inda muke da ja da su shi ne ranar haihuwa. Sau da yawa tun ciki bai tsufa ba ake yanke cewa aiki za a yi, wai "an sha wuya kafin a samu, kada a yi kasada". Tsoron iyaye abin fahimta ne, amma IVF kaɗai ba hujjar tiyata ba ce. Hujja ita ce mabiyiya ta toshe hanya, ko ɗa ya kwanta a gicciye, ko bugun zuciyarsa ya rikice, ko an taɓa yanka mahaifa yanka mai zurfi wajen cire ƙari. Tabon tiyata yana ƙara haɗarin mabiyiya ta manne a ciki na gaba, ga shi kuwa da yawa daga cikin matan suna da sauran 'yan tayi a ajiye. Idan ɗa ɗaya ne kuma babu larura, ciro shi kafin mako na 39 yana ƙara masa haɗarin wahalar numfashi.

A cikin da aka samu ta IVF, tagwaye su ne babban tushen haihuwar bakwaini, fiye da rabinsu kan iso kafin mako na 37. Shi ya sa cibiyar da ke dasa ɗan tayi ɗaya ta fi mai zuba biyu ko uku don a ce ta yi nasara. Ko a tagwayen, binciken da aka wallafa a 2013 kan mata fiye da 2,800 ya nuna shirya tiyata bai fi naƙuda aminci ga jarirai ba, muddin na farkon da kai ya taho.

Kafin ma'aurata su amince a haihu a cibiyar, su tambaya ko akwai jinin ƙari a ajiye, da kwalbar bakwaini, da likitan sa barci mai kwana a wurin.