Ƙofa da fendar tsohuwar MGB: me za ka saya kafin ka kai ta Magazin

Shekara uku ke nan MGB ɗina, tsohuwar ƙaramar motar Ingila, tana Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame a Kumasi, kuma ba inji ne ya riƙe ta ba. Injinta mai sauƙin kai ne, tsofaffin fitocin Magazin sun san shi kamar yunwar cikinsu. Bodi ne ke cin kuɗi da rai: ƙofa ta zauna daidai da fenda, fenda ta zauna daidai da bonet, tazarar da ke tsakaninsu ta tafi bai ɗaya daga sama har ƙasa. An ƙera motar a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa. Ga shi irin tawa ba ta da rufin ƙarfe. Da zarar tsatsa ta ci dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, wanda masu gyara ke kira sil, sai tsakiyar motar ta lotsa, ƙofa ta fara gogar fendar baya ta sama. A nan ne mutum ke fara tambayar abin da zai saya.

Ni dai shawarata, kada ka yi saurin rabuwa da ƙarfen da motar ta zo da shi. Ƙofar da ta yi shekara 50 a jikin mota ta san wurin zamanta. Nemi gwanin bugun bodi, wanda a nan muke ce wa sitireta, ya yanke ruɓaɓɓen wurin kawai, ya sa sabon ƙarfe mai kaurin na asali, wajen milimita 1. Wanda yake yi mini aiki yanzu dattijo ne, kuma ranar farko bai taɓa guduma ba. Ƙusoshin hinjin ƙofa ya fara canzawa, don in sun cinye, duk awon da za a yi ƙarya ne. Sai ya rataye ƙofar, ya ɗora mata nauyi a ciki madadin gilas da injin ɗaga shi, ya bar motar tsaye a kan tayoyinta. Na ce, "Masta, ba fenda za mu fara ɗaurawa ba?" Ya ce, "A'a Alhaji, ƙofa ita ce liman, sauran duk sahu ne." Kafin ya yanke sil kuma, sai da ya yi waldar ƙarafa a gicciye a bakin ƙofofin biyu don kada bodin ya motsa. Yana da wani ɗan falle na ƙarfe mai kaurin milimita 4 a aljihun rigarsa, shi yake zurawa a kowace tazara, ya ja shi a hankali yana sauraro da yatsa. Inda ya cije, ya sa alli. Walda ma ɗigo-ɗigo yake yi, nan ɗaya can ɗaya, ya jira ya huce, domin zafin wutar kabaid in ya yi yawa yana murɗe fanel, kuma murɗaɗɗen fanel ba ya komawa sai da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsa da shi. Aikin yana da jinkiri, amma kullum na je ina ganin inda kuɗina suka shiga.

Inda ƙarfe ya mutu murus, kamar sil ko fendar gaba, sayi na kamfanin British Motor Heritage na Ingila. Da ainihin injinan matse ƙarfe na kamfanin farko suke bugawa, tun 1988 ma suke yin cikakken bodin MGB. Akwai tsada, ga kuɗin jirgi da na kwastan a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma shi ma sai an ɗan lallaɓa shi kafin ya zauna. Ka faɗi shekarar motarka daidai lokacin oda, don fendar masu bamban roba, da aka fara a 1974, ba ɗaya take da ta masu farin bamba ba.

Fanel na kwaikwayo mai araha, abin da ka rage a saye sitireta zai karɓe shi a kuɗin aiki. Na faiba kuwa ba ya karɓar guduma ko walda, ban ga abin da zai kai shi jikin wannan mota ba.

Sai hom-yus, wato tsohon kayan da aka kwanto daga ƙasar waje, inda na ƙone. Wani mai sayar da kayan mota ya kawo mini ƙofa daga Accra, fes da ita, an fesa mata toka-tokan fenti, ya rantse daga Ingila aka kwance ta. Na biya ban ko ɗaga ta ba. Da aka rataye ta, layin jikinta ya ƙi haɗuwa da na fenda, sai Masta ya sa giranda a gefen ƙasa. Farar ƙura ta turnuƙe shagon. Fila ce mai kaurin yatsa, a ƙarƙashinta kuma guntun kwanon rufi aka manna a kan rami. Na koma wurin mutumin, ya ce kaya sun riga sun bar hannunsa.

Saboda haka kada ka je sayen tsohon fanel ba maganaɗisu a aljihunka. Ƙarami mara ƙarfi ya fi, irin na jikin firij, don babba yana kamawa ko ta kan fila. Bi da shi ƙasan ƙofa, kusurwoyi, da bakin fenda wajen fitila. Inda ya saki, akwai abin da aka ɓoye. Bonet ɗin MGB na shekarun farko na alminiyom ne, shi maganaɗisu ba ya kama shi dama, kada ka zargi mai kaya a banza. Ƙwanƙwasa da bayan yatsa: ƙarfe yana amsawa da ƙara, fila kuwa shiru take yi. Juya ƙofar ka leƙa cikinta da tocila, ka duba ramukan fitar ruwa na ƙasa, in an toshe su to an yi aiki a wurin. Duba saman ƙofa daf da ƙaramin gilas na gaba, nan ƙofar MGB ta saba tsagewa. Sabon fenti a kan tsohon kaya, ko baƙin kwalta da aka shafe cikin fenda da shi, duk abin tambaya ne. Wanda ya hana ka kankare ɗan wuri kamar faɗin kwabo, bar masa kayansa. Haka wanda ya ce maka "orijinal ne" don kawai fanel ɗin baƙi ne sabo: na kwaikwayo ma da baƙin fenti yake zuwa, nemi takardar inda aka sayo shi.

Kuma ka yi sharaɗi tun kafin kuɗi su fita, a gaban shaida, cewa za a gwada kayan a jikin mota, in bai zauna ba a mayar. Gwajin ma a yi shi da sabuwar robar ƙofa da makulli a ɗaure, kafin mai fenti ya taɓa motar, don sabuwar roba tana turo ƙofa waje, kuma bayan fenti ba mai yarda a sake kai mata guduma.