Buhun PICS ko ƙwayar Phostoxin: amsa ga Alhajin da zai ajiye wake

Alhaji, barka da girbi. Ka tambayi wanne ya fi tsakanin buhun PICS mai hana iska shiga da ƙwayar Phostoxin ta maganin ƙwari. Don waken da masarar da za ka ajiye har bazara, sayi buhun.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kayanka. Uwar tana manna ƙwai a jikin kwanson, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar tana ci, a zafi irin na Garwa ta arewacin Kamaru mako uku zuwa huɗu ya ishe ta fitowa ta sake zuba nata ƙwan. Shi ya sa waken da aka auna lafiya lau a Nuwamba yake komawa gari kafin Maris.

Buhun leda biyu ne masu kauri, kaurin kowace mikron 80 (mikron dubu ke yin milimita ɗaya), a cikin buhu saƙaƙƙe. Babu magani a ciki ko ɗigo. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Da an ɗaure baki, ƙwarin da kansu suke zuƙe wadda ta rage, har takan faɗi ƙasa da kashi 5. Ƙwayoyin halittar tsutsar ba sa mutuwa nan take. Rage aiki suke yi: tsutsar ta daina ci, ta daina girma, ta lafe tana jiran iska ta dawo. Abin da ke ƙarasa ta ƙishirwa ce. Busasshen wake ba shi da ruwan da za ta sha, ruwan jikinta daga ƙona abinci da oksijin take samun sa, to da oksijin ya yanke sai ta bushe a cikin raminta. Ƙwai da ƙananan tsutsa su ke fara tafiya, manyan sun fi juriya. Don haka kada a kwance buhun a wata biyun farko. Wanda ya buɗe don ya leƙa, ya ba masu lafewar numfashi ne.

Shi kuwa waken, shi ma rai gare shi, amma barci yake, numfashinsa kaɗan ne ƙwarai. Irin da ya bushe sosai zai fito daga buhun ya tsiro. Kuma dabarar tamu ce ta nan: a Marwa ta Kamaru masu binciken noma na ƙasar da na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1980, kafin a sa mata suna PICS a 2007 a yaɗa ta ƙasashe goma, har da Cadi.

Inda ake yin asara da buhun wuri biyu ne, huji da danshi. Kafin zuba komai, cika kowace leda da iska, ka matse bakin, ka danna ka ji ko tana saki. Sheƙe waken a fitar da tsinke da tsakuwa. Bayan an zuba, matse iskar leda ta ciki, murɗa bakin, lanƙwasa shi, ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗauri uku daban-daban. A ɗora kan katako, a janye daga bango saboda ɓera.

Danshi ya fi huji haɗari. Hatsi ya sauka zuwa kashi 13 ko ƙasa. In ba ka da na'urar awo, zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, girgiza, bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar shanya. Ɗanyen hatsi a rufe yana tsami, domin akwai ƙwayoyin cuta da ba su damu da oksijin ba, kuma irin ya mutu. Masara tana da wata matsalar a kan wannan. Shukar da fari ya gajiyar ko tsutsa ta huda ba ta iya kare kanta, fumfunar Aspergillus ta shiga ta zuba dafin aflatoksin. Buhun yana hana fumfuna yaɗuwa a busasshen hatsi, amma ba ya cire dafin da ya riga ya shiga, dafuwa ma ba ta kashe shi. A jikin mutum hanta ce ke karɓarsa, a ƙoƙarin narkar da shi ta mayar da shi wani sinadari da ke manne wa ƙwayar gado, daga nan sankarar hanta take tasowa, balle ga mai ciwon hanta nau'in B. Duk zangarniyar da ta yi kore-kore ko baƙi a tsince ta kafin a ɓare.

Phostoxin tana kashe ƙwari, ba mu musa ba, a babban sito ƙarƙashin tamfol a hannun wanda aka horar. Ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin, kuma sai an rufe ruf kwana biyar zuwa bakwai. A buhu saƙaƙƙe iskar zurarewa take, ƙwari masu juriya su tsira su hayayyafa, kuma da ta tafi sabon ƙwaro ya shigo. Yadda take shaƙe ƙwayar halittar ƙwaro haka take yi wa zuciyar ɗan Adam, ba ta da makari, tana kuma ratsawa zuwa ɗakin da yara ke kwana. Kada ta shiga gidan da ake zaune.

A kasuwa kuma ka buɗe ido. Akwai masu cusa siririyar leda a buhun shinkafa su ce PICS ne. Sa a warware maka a gabanka: ledoji biyu, masu kauri, ba faci, ba ɗinki a gindi, da tambarin a buhun waje. Wanda ya ce ka ƙara ƙwaya ko fiya-fiya a ciki "don tabbaci", neman sayar da maganinsa yake. Ɗauki mai kilo 50 don cin gida, mai kilo 100 don wanda za ka kai kasuwa, in ka kiyaye ledojin za su yi maka shekara uku.