Kurwar GTI ɗina da makaniken da ya ƙirga haƙora

Motata Peugeot 205 GTI ce ta 1988, mai inji lita 1.9, wadda na gada daga kawuna. Shi ya saye ta lokacin da ƴar'uwarta 205 Turbo 16 ke cinye tseren Paris-Dakar, a 1987 da 1988, zamanin da motocin ke ratsa Tenere su sauka Agadas. Duk Yamai da wuya ka ga irinta tana yawo yanzu, shi ya sa nake lallaɓa ta kamar ƙwai.

Abin da ya kai ni garaji shi ne kurwa, wato ɗamarar roba mai haƙora da ke daidaita juyawar sama da ƙasan inji, wadda ƴan Najeriya ke ce wa tayimin bel. Sunan kurwa ya dace da ita, don a wannan inji in ta tsinke kana cikin tafiya, fistan ne zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Tawa ta fi shekara shida, kuma da na ɗaga murfin sai na ga bayanta ya tsattsage kamar ƙasar tabki a watan Afrilu. Zafin nan da ƙura ba su barin roba ta yi tsawon rai, ko da motar ajiye take.

Wani dattijo na kai wa, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan Peugeot 504 da 405. Bai ma taɓa motar ba sai da ya karɓi sabuwar kurwar da na sayo, ya ɗiga farin fenti a haƙori ɗaya, ya zauna kan tsohuwar taya yana ƙirgawa. Da ya zagayo sai ya miƙo mini.

"Malam, wannan 114 ce. Taka 113 take ci. Mai da musu."

Na ce, "Baba, haƙori ɗaya tak?"

Ya ce in je dai. Ashe wajen 1992 aka canza abin da ke ɗaure kurwar a wannan inji: na da mai sifirin ne, na baya kuwa da hannu ake juya shi, kuma tsawon kurwarsu ba ɗaya ba ne. Mai shagon da ya sayar mini ya rantse duk ɗaya ne. Sai da muka yi ƴar cacar baki kafin ya canza, ya kuma ƙara mini jikka biyu a kai.

Aikin kansa na tsaya na kalla. An cire tayar gaba ta dama, don injin a gicciye yake, kuma wurin matsatsi ne, hannu da ƙyar yake shiga. Ya juya injin da kile, wato sifana, har ramin fulin sama (fuli shi ne faifan da kurwar ke hawa kai) ya yi daidai da na kan inji, ya zura ƙarfe mai kaurin milimita 10, ya yi haka nan a fulin ƙasa. Yaronsa ya so ya kwance babban ƙusan fulin ƙasa alhali ƙarfen na ciki, dattijon ya buge masa hannu: ƙarfen na saiti ne, ba na riƙe ƙarfi ba, yanzu sai ya fasa wurin. Ya sa na canza famfon ruwa ma, tunda kurwar ce ke juya shi, kuma in ya fara yoyo gobe sai an sake kwance komai. Na yi gunaguni, amma na saya.

Abin da ya fi burge ni ya zo bayan ya ɗora sabuwar. Na zaci zai murza makulli, sai ya zare ƙarafan, ya juya injin da hannu zagaye biyu cur, a hankali, kunnensa kusa da murfi. Fulin ƙasa sai ya zaga sau biyu kafin na sama ya zaga sau ɗaya, don haka sai a nan ramukan ke sake haɗuwa. Ya mayar da ƙarafan, na ƙasa ya shige, na sama ya ƙi. Kurwar ta goce da haƙori ɗaya. Bai ce uffan ba, ya sassauta, ya sake ɗorawa, ya sake juyawa, sannan suka shige sumul.

Inda ban ji daɗi ba: aikin yini ɗaya ya ci kwana uku, don ana cikin nawa yake tashi ya duba taksin da ta shigo. Yaran sun bar mini shatin baƙin mai a kujerar direba, kuma ƙusa ɗaya ta murfin kurwa ta ɓata, aka maye ta da wadda ba kalarta ba. Ladan aikinsa jikka goma sha biyar, ban nemi ragi ba.

Na gwada ta a hanyar Doso da sassafe. Ba kuka, ba rawar inji a tsaye, zafin ruwa bai wuce wurinsa ba. Ya ce in dawo bayan sati biyu ya duba ɗaurin, kuma zan koma, amma da tsohon zane a kan kujera.