Yawon tsibirai uku na Langkawi a kwale-kwale mai inji: me kuɗinka ke saya?

A titin Pantai Cenang, inda mafi yawan baƙin Langkawi ta ƙasar Malesiya ke sauka, rumfunan masu sayar da tikitin yawo sun fi a ƙirga, kowace da allonta mai hoton farin yashi da shuɗin ruwa. Sunayen kamfanonin ne suka bambanta, hajar ɗaya ce: a kai ka tsibirin Dayang Bunting, a tsaya wajen ciyar da shirwa a gefen Singa Besar, a ƙarasa da kai Beras Basah, a dawo da kai cikin awa uku da rabi zuwa huɗu. Sau da yawa ma wanda ya saya a rumfa mai tsada da wanda ya saya a mai araha kwale-kwale ɗaya za su tarar da kansu a ciki, domin masu rumfar dillalai ne, jiragen na wasu ne a tasha.

Hukuncinmu a kai shi ne yawon ya ci kuɗinsa har da ƙari, muddin mutum ya san cewa agogon matuƙi zai bi, ba nasa ba.

Langkawi tarin tsibirai 99 ne a tekun Andaman, a jihar Kedah da ke arewa maso yammacin Malesiya, dab da iyakar Tailan. Daga Kuala Lumpur tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin sama. Ɗalibanmu da ke karatu a jami'ar UUM (Universiti Utara Malaysia) ta garin Sintok su ne suka fi kowa samun sauƙi, don jihar ɗaya ce: mota zuwa Kuala Perlis, sai babban jirgin fito na awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa garin Kuah. Daga Kuala Kedah fiton ya kusa awa biyu. Yawon tsibiran kuwa galibi daga tashar Teluk Baru yake tashi, a kudancin Pantai Tengah, kuma tikitin kan haɗa da ƙaramar bas da za ta ɗauko ka daga masauki idan kana yankin Cenang ko Tengah. Idan masaukinka ya yi nisa, ka tambaya tun kafin ka biya, ko ka kira motar haya ta manhajar Grab.

Kujera ɗaya a kwale-kwalen haɗaka ba ta cika wuce ringgit 50 (kuɗin Malesiya) ba. Sai dai tikitin kuɗin jirgi da na bas ne kawai. Shiga tafkin Dayang Bunting da kuɗinsa daban, a ƙofa ake biya, kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. Hayar rigar ruwa mai hana nutsewa a tafkin, ƙaramin jirgin feda, ruwan sha, duk daga aljihunka ne. A riƙe takardun ringgit ƙanana a cikin leda mai zif, kada a dogara da kati.

Tashi biyu ake yi a rana, wajen ƙarfe 9 na safe da wajen 2 na rana. Na safe za ka zaɓa. Teku ya fi kwanciya da safe, hadari kuma da yamma ya fi haɗuwa. Ga kuma batun salla. Langkawi na can ƙarshen yammacin ƙasar, don haka Azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 1, ke nan mai tafiyar safe zai dawo a kan lokaci, mai tafiyar rana kuwa sai ya yi Azahar a gurguje kafin bas ta zo, La'asar ta riske shi a kan yashi da jiƙaƙƙen wando. Sannan a tuna cewa hutun mako a Kedah Juma'a da Asabar ne. Waɗannan ranaku, da hutun makarantu da na Ƙaramar Salla da sabuwar shekarar Sinawa, tashar kan cika maƙil, kuma cunkoson mintunanka na tsibiri yake ci. Game da yanayi, daga Disamba zuwa Maris ne rani. Satumba da Oktoba su ne tsakiyar damina, lokacin da ake yawan soke tafiya ko a yi ta cikin tsalle-tsalle.

Shi kansa kwale-kwalen na faiba ne, dogo, da rumfa a sama da benci a kowane gefe, yana ɗaukar mutum goma ko fiye da haka kaɗan, da ƙaton inji a maƙale a baya. Inda ka zauna shi ne rabin tafiyar. Sababbin shiga goshin jirgi suke rububi saboda hoto, nan ne kuwa wurin wahala. Idan matuƙi ya ba shi wuta, goshin kan ɗaga sama, duk igiyar ruwan da aka haye sai ya tashi ya faɗo, ya buga kamar bayan a-kori-kura a hanyar da damina ta cinye. Bugun nan kai tsaye yake bin benci ya shiga ƙugu da gadon baya, kuma irinsa kan iya tsaga ƙashin bayan dattijo ko mai ciwon baya. Baya kusa da inji ba ya tsalle sosai, amma akwai ƙara da warin fetur, feshin ruwa kuma ba ya ƙyale ka. Wurin da ya fi shi ne tsakiya, a ɗan matsa baya. Ka kafa ƙafafu biyu a ƙasa, ka ɗan sassauta gwiwa, ka riƙe ƙarfen rumfa, kada ka jingina bayanka da abu mai tauri. Mai juna biyu da wanda aka yi wa aiki a baya, wannan tafiya ba tasu ba ce. Yawon kurmin bakin ruwa na Kilim, a arewa maso gabashin tsibirin, ya fi dacewa da su, don yawancinsa a cikin rafuka masu lafiya ake yi.

Ana raba rigar ruwa a jirgi, amma ba kowane matuƙi ke matsa wa mutane su ɗaure ba. Mu da muka san abin da lodi fiye da ƙima da rashin rigar nan suke jawowa a kogunan Neja da Kebbi ba ma buƙatar wa'azi. Ka duba maɓallanta suna kamawa, ka ja igiyoyin har sai ta matse. Rigar da ta yi sako-sako, da zarar an faɗa ruwa sama take hawa ta rufe fuska. Idan da yara, a tambayi ta yara tun a rumfar tikiti, kuma a gan ta da ido a tasha kafin a hau. Mai saurin jiri ya sha ƙwayar dimenhydrinate, miligiram 50 ga babba, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin tashi. Tana sa barci, kuma idan amai ya riga ya fara ba ta cika yin amfani ba. Karin kumallo ya zama mara maiƙo, ido a kan tsauni ko ƙarshen ruwa, ba a kan waya ba.

Bayan kamar kwata ɗaya na awa, matuƙi zai rage gudu ya nuna wani jerin tuddai. Idan ka kalle su daga daidai wurin, siffar mace mai ciki ce kwance a rigingine. Wannan shi ne Dayang Bunting, tsibiri na biyu a girma a Langkawi, kuma ɗaya daga yankuna uku da suka sa aka shigar da Langkawi jerin wuraren tarihin duwatsu da UNESCO ta amince da su a 2007. Tafkinsa ne abin da ya fi komai daraja a tafiyar. Ruwan daɗi ne, ba gishiri, alhali siririn bangon dutse ne kawai ya raba shi da teku. Asalinsa ƙaton kogo ne a cikin dutsen farar ƙasa, ruwa ya yi ta cin sa har rufinsa ya rufta, ruwan sama ya cike ramin. Mutanen wurin suna da tatsuniyar wata gimbiya, Mambang Sari, da jaririnta ya rasu ta sa shi a tafkin, har wasu ke cewa macen da ba ta haihuwa idan ta yi wanka a ciki za ta samu rabo. Masu jagora na son ba da labarin. Tatsuniya ce, a ji a wuce.

A nan ne lissafin lokaci ke yaudarar mutane. Za a ce maka an ba ka awa ɗaya. Daga gadar sauka zuwa tafkin akwai matakala, hawa sannan gangara, minti 10 zuwa 15 ga mai ƙarfi, ga zafi da gumi. Ka cire zuwa da dawowa, ka cire layin biyan kuɗi da na karɓar riga, abin da ya rage a bakin ruwa bai fi rabin awa ba. Wanda ya tsaya canza kaya a can ya ƙara cinye rabonsa, shi ya sa ake sa kayan wanka a ƙarƙashin tufafi tun daga masauki.

Tafkin ba shi da gaɓar da ake takawa a hankali. Dandamali ne mai yawo a kan ruwa, daga gefensa sai zurfi na wajen mita 10, ruwan kuma kore ne, ba a ganin ƙasa. Ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar na gishiri, don haka wanda ya saba wasa a bakin teku kada ya ɗauka iyawa ce. Rigar ruwa wajibi ce ga mai shiga, kuma dokar ta yi daidai. Mata ba su da abin jin nauyi a nan, matan Malesiya da dogon wando da riga mai hannu da ɗan hijabi suke shiga. Abin gudu shi ne doguwar abaya da zurmemen hijabi: iska na fizgarsu a jirgi, suna harɗe ƙafa a matakala, a ruwa kuma nauyi suke yi.

Sai birai. Suna zaune a kan matakala da rufin rumfuna, sun kuma gane cewa leda mai ƙara abinci ce. Biri zai diro daga reshe, ya fizge ledar daga hannun yaro, ya hau sama ya yage ta, ya zubar da abin da ba na ci ba, ko da waya ce. Komai a sa a jakar goyo mai zif. Idan ya kama abu a sakar masa, kada a yi ja-in-ja, kada a zuba masa ido ko a washe masa haƙora, don a wajensa neman faɗa ne. Cizo ko yakushi ba abin wasa ba ne: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibitin Sultanah Maliha da zarar an dawo.

Kafin ka bar gadar sauka, ka ɗauki hoton lambar jirginku da waya, ka maimaita wa matuƙi lokacin dawowa. Ajiye ku yake yi ya tafi ɗauko wasu, jiragen kuma kamarsu ɗaya. Mutum ɗaya da ya makara ya rage wa kowa lokacin Beras Basah.

Tsayawa ta biyu ba a sauka. A gefen Singa Besar matuƙi zai ƙara wa inji ƙara, wanda tsuntsayen suka koya a matsayin kira, ya watsa fatar kaza a ruwa. Nan take sararin zai cika da shirwa mai jan jiki da farin kai, irin wadda aka yi wa mutum-mutumi mai tsawon mita 12 a Kuah, wani lokaci har da gaggafar teku mai farin ciki, wadda ta fi ta girma nesa. Suna saukowa su sure da ƙafa ba tare da sun jiƙa fiffike ba. Minti 10 ne, kuma abin kallo ne. Amma wannan ɓangaren ne ba mu yaba ba. Kifi da kaguwa ne abincin tsuntsayen nan, ba kitsen kajin gona ba, kuma masu kare namun daji sun daɗe suna sukar al'adar saboda tana sa su dogara da jirage su rage farauta. Wanda ya yi shatar jirgi yana iya cewa a tsaya a kalla ba tare da an watsa komai ba. Suna nan a sama ko ba a kira su ba.

Beras Basah kyakkyawan yashi ne fari mai laushi da inuwar bishiyoyi, a ba ku minti 45 zuwa awa ɗaya. Kada hoton allo ya ruɗe ka: ruwan ba garau yake ba, musamman bayan ruwan sama, kuma hayar gilashin kallon kifi a nan asarar kuɗi ce. Mai son wannan sai ya nemi tafiyar Pulau Payar, can kudu, wadda yini guda ce daban. Masu babur ɗin ruwa da lemar da jirgi ke ja za su yi maka tayi. A gama ciniki da adadin mintuna kafin a hau. A yi wanka inda jama'a suke, nesa da inda jirage ke shiga da fita, don farfelar inji ba ta ganin mutum. Tekun Langkawi na da wata halitta mai jiki kamar ledar ruwa da dogayen zare masu harbi, 'yan ƙasar na ce mata obor-obor, kuma wani nau'inta ya taɓa kisa a yankin. Doguwar riga da wando masu kama jiki suna kare fata sosai. Idan ta yi harbi, ruwan khal ake kwarara a wurin na aƙalla daƙiƙa 30, ba a gogewa, ba a zuba ruwan gora; idan numfashi ya fara sarƙewa a kira lambar gaggawa ta 999. Ƙaramar kwalbar khal a jaka ba ta da nauyi, kuma ba kowane jirgi ke ɗauke da ita ba.

Idan kun kai mutum bakwai ko takwas, ku bar haɗaka ku yi shata. Kuɗin jirgi sukutum yawanci kusan kuɗin kujerun nan naku ne a haɗe, abin da kuke samu a kai kuwa shi ne ikon agogo. Ku tashi kafin ayarin ƙarfe 9 ku riga jama'a isa tafkin, ku ba shi awa ɗaya da rabi, ku rage na Beras Basah, ku kuma gaya wa matuƙi tun a tasha cewa akwai dattijai ko yara, ya tafi a hankali. A rubuta a rasit awa nawa ne, tsibiri nawa, da ko za a mayar da kuɗi ko a sauya rana idan hadari ya hana fita.