Kallon gasar ces ta Bundesliga ta kafar Lichess

Da yawa idan suka ji sunan Bundesliga, ƙwallon ƙafa ne ke faɗo musu a rai, alhali darar ces ma tana da tata Bundesligar a Jamus, wadda ake lissafa ta cikin gasannin ƙungiyoyi mafi ƙarfi a duniya. Na shafe kaka guda ina bibiyarta ta sashen watsa wasanni kai tsaye na Lichess, wani shafin intanet na wasan ces, kuma abin da na fahimta shi ne amfanin wannan hidima ya rataya ne a kan sanin tsarin gasar.

An soma gasar a 1974 cikin rukunoni huɗu na shiyya, aka mayar da ita rukuni ɗaya mai ƙungiyoyi 16 a 1980, sannan tun 2007 ƙungiyoyin suka kafa hukumar da ke tafiyar da ita. Kowace ƙungiya tana karawa da sauran 15 sau ɗaya a kaka, kowace karawa kuma a kan alluna takwas ake yin ta, bisa jerin sunayen da aka miƙa tun kafin a fara kaka, wanda ba a yi wa sauyi. Wanda ya ci wasansa ya samo maki ɗaya, canjaras rabin maki, saboda haka ƙungiyar da ta fi samun maki a allunan takwas, wato huɗu da rabi ko fiye, ita ke kwashe maki biyu na teburi. Don rage kuɗin tafiya, ana haɗa kowace ƙungiya da abokiyar tafiya, sai huɗu su taru a gari ɗaya, su buga ranar Asabar da rana, su sake bugawa Lahadi da safe.

Ke nan a zagaye ɗaya wasanni 64 ne ke gudana lokaci guda, adadin da ya yi daidai da gidajen allon ces, kuma a nan ne hidimar ta fi burge ni. Allunan da ake bugawa a kansu na lantarki ne, suna aika kowane motsi zuwa intanet, shi kuma Lichess, wanda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, yana jera su a shafi ɗaya tare da agogon kowane ɗan wasa, ba kuɗin shiga, ba talla. Mutum na iya buɗe wasa ɗaya, ya koma baya ya ga inda aka yi kuskure, ya gwada nasa tunanin a kan allon, sannan ya tambayi manhajar nazari ta Stockfish ko ya yi daidai.

Sai dai manhajar nan ita ce kuma babban tarkon mai kallo. Lambar da take nunawa tana faɗin wanda ke kan gaba idan an buga ba kuskure, amma ba ta san halin da ƙungiya ke ciki ba. Ɗan wasan da ke allo na bakwai yana iya ƙin karɓar canjaras a matsayin da manhajar ta ce kunnen doki ne, ya jefa kansa cikin haɗari, saboda kawai ya leƙa ya ga abokansa biyu suna gab da shan kashi. Wani kuma ya karɓi canjaras yana da rinjaye, domin rabin makin nan ya isa ya ba ƙungiyarsa nasara. Wanda ya zuba wa lamba ido zai ɗauka wauta ce ko tsoro. Shawarata ita ce a kashe manhajar a sa'o'in farko, a zaɓi karawa ɗaya, a bi allunanta takwas tare.

Manyan sunaye ne ke jawo masu kallo, ba shakka. OSG Baden-Baden, wadda kamfanin Grenke ya ɗauki nauyinta, ta lashe kofi sau goma a jere daga 2006 zuwa 2015 da irin su Viswanathan Anand da Levon Aronian, kafin Solingen ta katse mata hanzari a 2016. Viernheim ta ci a 2024, Düsseldorfer SK ta ci a 2025, kakar da Magnus Carlsen ya buga wa St. Pauli ta Hamburg. Amma irin waɗannan gwanaye ba kowane ƙarshen mako suke zuwa ba, don haka wanda ya buɗe shafin domin su kaɗai zai sha komawa hannu rabbana.

Ƙarancin da na gani shi ne allo da lamba ba sa bayani da baki, kuma sabon shiga zai buƙaci mai sharhi a gefe kafin ya gane dalilin motsi. Ga wanda ya riga ya iya wasan kuma yake da haƙurin zaman sa'o'i biyar ko shida, ban san wata hanya da ta fi wannan sauƙin bibiyar gasar ba, musamman karawar ƙungiyoyin ƙasan teburi masu gudun faɗawa rukuni na biyu, inda ake fafata kowane rabin maki har allo ya kusa zama fayau.