Kiɗan piyanon Erik Satie gaba ɗaya: wane akwati ya kamata mutum ya saya?

Yawancin mu ta ƙofa ɗaya muka shigo wajen Satie, wato kaji Gymnopédie ta farko a wani bidiyo ko talla, kiɗan ya kama maka zuciya, ka nemo sunan mai shi, kana cewa bari in mallaki aikinsa duka kawai sai kaga akwatuna birjik kowanne an rubuta cikakke ne amma wani sidi 5 wani 6 wani har 9. To ya akayi mutum ɗaya ya rubuta kiɗa amma lissafin bai zo ɗaya ba? Amsar tana cikin rayuwar mutumin.

Erik Satie (Sati ake furtawa) an haife shi a Honfleur a arewacin Faransa a 1866, ya rasu a Paris a 1925. Daga 1898 ya koma wani ɗan ɗaki a Arcueil a wajen Paris, kullum a ƙafa yake shiga gari ya dawo, kuma baya barin kowa ya shiga ɗakin nan. Sai bayan rasuwarsa abokai suka buɗe suka tarar da laimomi jibge da takardun kiɗa da babu wanda yasan dasu. Wasu ayyukan sai a 1968 aka buga su, misali Gnossienne ta 4 da ta 5 da ta 6. Shi yasa kowane makaɗi yake yanke nasa hukuncin, wani ya saka har guntayen da Satie bai gama ba da darussan da yayi lokacin da ya koma makaranta a Schola Cantorum a 1905 yana dab da shekara 40, wani ya tsallake su. Wani ya haɗa da kiɗan mutum biyu akan piyano ɗaya, wani yace shi na mutum ɗaya kawai ya sani. Dan haka kalmar cikakke ɗin nan kada ta ruɗe ka, jerin abinda ke ciki zaka duba.

Amma gaskiya ni abinda yafi damuna ba yawan sidi bane, gudun kiɗan ne. Satie ya faɗa hannun masu haɗa kiɗan bacci da na karatu har mutane suna zaton duk aikinsa haka yake, lallausa a hankali. Ba haka bane wallahi. Mutumin nan a gidajen shaƙatawa na unguwar Montmartre a Paris ya ci abinci da piyano, irin su Chat Noir, ya rubuta waƙoƙin rawa, sannan tsakanin 1912 da 1915 ya zubo gajerun kiɗa masu barkwanci da tsalle tsalle. A cikin Embryons desséchés na 1913 akwai inda ya rubuta wa makaɗi cewa ya kaɗa kamar tsuntsu mai ciwon haƙori. Sports et divertissements na 1914 kuwa guntaye 21 ne, da yawansu basu kai minti ɗaya ba. Makaɗin da ya ja komai a hankali zai kashe maka wannan ɓangaren, wanda kuma ya cika sauri zai zubar da nutsuwar ayyukan farko. Anan ne akwatunan suka rabu.

Aldo Ciccolini dashi zan fara dan shine ya sa duniya ta waiwayi piyanon Satie sosai. Ɗan Naples ne na Italiya, an haife shi a 1925 shekarar da Satie ya rasu, rayuwarsa kuma a Faransa yayi ta har ya rasu a 2015. Sau biyu ya ɗauki aikin a kamfanin EMI, na farko daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, na biyu a shekarun 1980 da na'urar dijital, inda Gabriel Tacchino ya zauna gefensa a kiɗan mutum biyu. Yanzu hakkin yana hannun Warner, zaka gansu da tambarin Erato ko Warner ɗin. Kiɗansa a tsaye yake, baya jan rai baya shagwaɓa, Gymnopédie tana tafiya kamar mutum na taku, in yazo kan masu barkwancin nan kuwa kana jin yana jin daɗin abinda yake yi, yatsun kamar suna dariya. Matsalarsa sauti. Na farkon akwai ɗan tsufa a ɗaukar, na biyun kuma piyanon yana da ƙarfi da bushewa a wasu wurare musamman a iyafis. Ni na farkon nafi so duk da tsufan, yafi rai. Ka lura da shekarar da aka rubuta a bayan akwatin dan mutane suna rikita biyun sosai.

Jean-Yves Thibaudet, ɗan Lyon, nasa ya fito a kamfanin Decca a 2003, sidi 5, na mutum ɗaya zalla. Ya tattaro ƙananan ayyuka da yawa da ba a saba ji ba, sautin kuma tas, piyanon yana da ɗumi kana jin kowane maɓalli. Gudunsa tsaka tsaki, bai yi saurin Ciccolini ba bai kuma kwanta ba, kuma a Nocturnes guda biyar na 1919, waɗanda a ganina sune mafi kyawun abinda Satie ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, hannun Thibaudet ya dace dasu ƙwarai. Abinda zan ce akansa kawai shine wani lokacin ya cika tsafta, inda Satie yake so abu yayi kaushi sai shi ya goge shi yayi sheƙi. Duk da haka in mutum yace min kuɗin akwati ɗaya gareshi kuma yana son sauti mai kyau, wannan zan nuna masa ba tare da dogon tunani ba.

Sai ɓangaren masu tafiya a hankali. Reinbert de Leeuw ɗan Holan a ƙarshen shekarun 1970 ya ɗauki ayyukan farko, Ogives da Sarabandes da Gnossiennes da Gymnopédies, ya ja su a hankali fiye da yadda kowa ya saba, kowane sauti sai ya mutu kafin na gaba ya shigo. Ba cikakke bane, ayyukan farko ne kawai, amma wanda bai ji shi ba akwai fuskar Satie da bai gani ba, irin ta mutumin da ya daɗe yana zama cikin tsoffin coci yana sauraro. Jeroen van Veen shima ɗan Holan ya bi wannan hanyar ya faɗaɗa ta zuwa aikin duka a Brilliant Classics, sidi 9, ya fito 2016, kuma kamfanin an san su da araha. Yawan sidin nan rabi saboda jinkirin ne. A ayyukan farko yana aiki, amma in aka zo kan barkwancin sai naji abin yayi nauyi, wasa ne aka faɗe shi da muryar wa'azi. In dan dare da nutsuwa kake so to bismillah, amma ban so ya zama shine Satie ɗinka na farko.

Akwai kuma masu son jin irin piyanon zamanin. Noriko Ogawa ta Japan ta ɗauka a kamfanin BIS akan piyano ƙirar Érard na 1890, daga 2016, sidi ɗaya bayan ɗaya. Sautin Érard siriri ne, baya cika ɗaki kamar na zamani amma kowace murya tana fita daban. Ta ware sidi guda sukutum ga Vexations, kiɗan nan na shafi ɗaya da Satie ya rubuta a kansa maganar maimaitawa sau 840, wanda John Cage, wani marubucin kiɗa ɗan Amurka, ya tara makaɗa a New York a 1963 suka yi shi sama da awa 18. Nicolas Horvath a kamfanin Grand Piano shima da tsohon Érard ya fara, na 1881 wanda Cosima Wagner, matar marubucin kiɗa Richard Wagner, ta mallaka, kuma yabi sabon bugun takardun kiɗa na kamfanin Salabert da masani Robert Orledge ya gyara kurakuran tsoffin bugu. Wannan na wanda ya riga ya san kiɗan ne, ko mai koyon piyano da yake so ya gwada da takarda a gabansa. Su biyun ɗai ɗai ake saye dan haka kuɗin yana taruwa.

Kafin ka cire ko sisi, duk waɗannan ana samun su ko wani ɓangare nasu a Spotify da YouTube, yi gwaji da abu uku a hannun kowane makaɗi: Gymnopédie ta farko, sai Embryons desséchés, sai Nocturne ɗaya. Minti goma sha biyar ya isa kasan wanda kunnenka ya karɓa. Kuma in zaka saya ta saukewa maimakon sidi, tabbatar akwai ɗan littafin bayani a ciki, dan Satie yana rubuta labarai a tsakanin layukan kiɗan kuma shi da kansa ya hana a karanta su a bayyane lokacin kaɗawa, kenan in babu littafin bazaka san me yake faɗa ba.

In kuma kaji sidi 5 yayi maka yawa a yanzu, nemi faifai ɗaya na Pascal Rogé a Decca na shekarun 1980, akwai Gymnopédies da Gnossiennes da wasu daga masu barkwancin. Ni dai Thibaudet na ajiye a matsayin cikakke, Ciccolini na farko kuma shi nake kunnawa duk lokacin da nake son masu tsallen nan na 1913 da 1914.