Ɗumama sabon gida a Biritaniya: gas, famfon zafi ko lantarki?

Duk wanda ya sayi fili a Biritaniya ya soma gini, akwai shawarar da ba ta jiran sai an yi rufi: da me za a ɗumama gidan. Tun kafin a zuba daɓe ake yanke ta, domin a ƙarƙashin daɓen ake shimfiɗa bututun ruwan ɗumi, in kuwa siminti ya bushe sai dai a fasa.

Boilar gas, wato na'urar da ke ƙona gas ta dafa ruwan da ke zagaya gida, ita aka fi sani, ita ce a yawancin gidajen ƙasar. Ba ta da tsadar saye, masu gyaranta ko'ina akwai su, sabbin samfurinta kuma suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na gas ɗin zuwa zafi. Sai dai kasuwarta ta fara watsewa. A Sikotland, tun Afrilun 2024 doka ta hana sanya boilar gas ko ta mai a sabon gini, Ingila ma can ta dosa. In babu layin gas a kusa da filinka, jawo shi kaɗai wani babban kashe kuɗi ne. Waɗanda suka biya kuɗin gas a hunturun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ba sai an faɗa musu yadda farashinsa ke tashin gwauron zabi ba.

Famfon zafi kuwa ba ya ƙona komai. Kamar firji yake, amma a juye: yana zuƙo ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana tsananin sanyi, ya tura shi cikin ruwan da ke zagaya gida. Da ma'auni ɗaya na lantarki yakan ba da uku zuwa huɗu na zafi. A nan ne masu talla suke tsayawa, amma lissafin bai ƙare ba. A Biritaniya farashin lantarki ya kai kusan ninki huɗu na gas. Ke nan in famfon yana ba ka uku da rabi ko huɗu, ka yi kunnen doki da mai boila ko ka ɗan fi shi. In aka yi maka aikin ganin dama ya sauko ƙasa da uku, za ka biya fiye da maƙwabcinka mai gas, kana kuma rawar ɗari.

Abin da ke raba aiki mai kyau da na ganin dama shi ne zafin ruwan. Boila ta saba tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70 cikin ƙananan radiyeta, wato ƙarafan jikin bango masu sakin ɗumi a ɗaki. Famfon zafi ya fi ƙwazo a digiri 35 zuwa 45, don haka yana buƙatar fili mai faɗi da zai saki ɗumin a hankali, wato daɓen gida gaba ɗaya, ko manyan radiyeta a ɗakunan sama. Yana kuma son bango da rufi da tagogi masu riƙe ɗumi sosai. Tsohon gida yakan sha wuya kafin ya cika waɗannan sharuɗɗa, sabon gini kuwa a banza yake samun rabinsu in an tsara tun daga zane. Shi ya sa a ganina mai sabon gini ba shi da hujjar komawa ga gas.

Akwai famfon da ke jan ɗumi daga ƙasa, inda zafi ke tsayawa wajen digiri 10 rani da hunturu. Ya fi na iska ƙwazo, amma sai an haƙa dogayen ramuka ko rijiyar burtsatse, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Sai mai babban fili da babban gida zai ga ribarsa.

Hitar lantarki ta bango arha ce ranar saye, tsada ce kowane wata, domin ɗaya ka zuba ɗaya za ta ba ka. Murhun itace ƙari ne kawai na falo, birane da yawa ma suna da dokar hayaƙi.

Batun tallafi: tun Oktoban 2023 gwamnati na ba da fam 7,500 a Ingila da Wales ga mai sanya famfon zafi. Gidan da kamfani ya gina don sayarwa ba ya ciki, amma wanda ya gina nasa da kansa yana iya samu, muddin mai sanyawar yana da rajistar MCS, wato tsarin da ke tantance masu sanya irin waɗannan na'urori.

Kafin ka sa hannu, ka ware wa tankin ruwan zafi wuri a cikin zane, don famfon ba ya dafa ruwan wanka nan take yadda yawancin boila ke yi. Na'urar famfon da ake ajiyewa a waje kuma tana ɗan gunji, kada a jingina ta da tagar ɗakin kwana, naka ko na maƙwabci. Sannan ka nemi mai aikin ya ba ka lissafin yawan ɗumin da kowane ɗaki ke zubarwa, a rubuce. Wanda ya leƙa zane kawai ya faɗi girman na'ura da ka, nemi wani.